Maginan Sabuwar Gurna

Bara, a darasin nazarin ma'ana, malam ya ce kowa ya kawo kalmar Hausa ɗaya mai fuska biyu. Ni na kawo «horo». In uba ya ce yau zai yi wa ɗansa horo, yaron ya san ba alheri ke tafe ba. In kuma aka ce a talabijin an ba matasa horo, sai ka gan su a jere, kowa riƙe da takarda, ana ta tafi. Malam ya ji daɗin misalin, har ya rubuta shi a allo. Abin da ban gaya masa ba shi ne a gidanmu na tsince shi.

Shekarun baya an zo faɗaɗa hanyar da ta ratsa unguwarmu. Aka shafa jan fenti a bangon gidaje, har da namu, aka rushe zaure da ɗaki biyu da shagon da yayana ke sayar da kayan masarufi. Diyya ta zo, ba ta kai ba, wannan ba sabon labari ba ne. Amma an haɗa da wani alkawari: samarin gidajen da aikin ya shafa za a koya musu gini, su samu abin yi wurin gina magudanan ruwa da ƙananan gadoji. Yayana ya yi wata uku yana zuwa. Ranar rufewa aka ba shi takarda da cokalin gini da igiyar awo. Da ya je wurin aikin sai ya tarar kamfanin ya zo da maginansa daga nesa, abin da ya rage sai ɗaukar kwanon siminti, kuɗin yini. Ya yi sati shida, aikin ya wuce gaba, aka sallame su. Yau kabu-kabu yake yi. In ka ɗauko masa zancen sai ya yi dariya ya ce: «Ai an hore mu.» Ku zaɓi fuskar da yake nufi.

Shi ya sa da na ci karo da labarin Gurna na kasa ajiye shi. Labari ne na ƙasar Masar, na wajen shekara tamanin da suka wuce, kuma a ganina yana cikin gwaji mafi gaskiya da aka taɓa yi na koya wa mutanen da za a tasa daga gidajensu sana'ar gini. Wanda ya yi shi ba ɗan damfara ba ne, da zuciya ɗaya ya yi. Duk da haka ya faɗi. Faɗuwar mai gaskiya ta fi ta maƙaryaci abin koyo, don ita ba ka iya cewa ai dama cin kuɗi ne, ka wuce.

Gurna ƙauye ne a gaɓar yamma ta Kogin Nilu, daura da birnin Luksor, a kudancin Masar. Dutsen da ke bayansa makabarta ce ta zamanin fir'aunoni. Can ne Kwarin Sarakuna yake, inda aka gano kabarin Tutankamun a 1922, kuma gangaren dutsen cike yake da kaburburan fadawa da manyan ma'aikatan fada. Kada ku ɗauka kabari ne irin namu. Ɗakuna ne da aka sassaƙa cikin dutse, wasu da ginshiƙai, bangonsu duk zane. A kan waɗannan ɗakuna da bakinsu mutanen Gurna suka gina gidajensu. Wani kabarin ya zama rumbu, wani turken dabbobi, wani wurin fakewa in rana ta take, don cikin dutse akwai sanyi.

Da dutsen suke ci. Su ne leburorin Turawa masu haƙa, su ne masu gadi, su ke yi wa ƴan yawon buɗe ido jagora da jakuna, su ke sassaƙa ƴan gumaka su shafa musu ƙasa su sayar a matsayin tsofaffi. Akwai kuma waɗanda ke haƙa da dare su sayar da na gaske. A shekarun 1870 ƴan gidan Abdul Rasul suka gano wani rami da aka ɓoye gawarwakin sarakuna da dama a ciki, har da Ramsis na biyu, suka riƙa fitar da kaya kaɗan-kaɗan suna sayarwa, sai a 1881 asiri ya tonu. Tun daga nan sunan ɓarayin kabari ya bi ƙauyen gaba ɗaya. Masu sayen kayan a Landan da Paris su ba wanda ya laƙa musu suna.

A zamanin Sarki Faruk, cikin shekarun 1940, hukumar kula da kayan tarihi ta ce ya isa. Aka yi doka cewa ƙasar makabartar ta gwamnati ce, mutum wajen 7,000 su sauka daga dutse. Aka sayi fili fedan 50, wato kamar hekta 21, a tsakiyar gonakin da ke kusa da kogi, aka nemi wanda zai gina musu sabon gari da araha. Nan Hasan Fathi ya shigo.

An haife shi a Iskandariya a 1900, ɗan masu hali ne, ya yi karatun zanen gine-gine a Alƙahira. Tun kafin Gurna yana da ra'ayi ɗaya da ya riƙe: talakan ƙauye ba zai taɓa iya sayen siminti da ƙarfe ba, ƙasar da yake takawa ita ce abin gininsa. Bango da laka ba wuya. Rufi ne matsalar, don Masar ba ƙasar itace ba ce, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shigo da katako da ƙarfe. A 1941 ya gwada yin rufin baka da tubalin laka a wata gona a Bahtim, kusa da Alƙahira, ba tare da katakon tallafi ba. Rufin ya rushe. Aka ba shi labarin cewa can kudu, wajen Aswan, Nubiyawa suna yin irin wannan rufi kuma ba ya faɗuwa. Ya je ya gani da idonsa, ya ɗauko magina daga can.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda suke yi, don duk labarin a kansa ya rataya. Mu a ƙasar Hausa mun san bakan gizo da tulluwa. Amma bakan gizon maginanmu akwai azara a cikinsa: ana kafa ta hawa-hawa daga bango biyu, ana ɗaurewa, har su haɗu a tsakiya, sannan a lulluɓe da ƙasa. Ƙashin itace ne, laka nama ce. Rufin Nubiyawa ba shi da ko tsinke. Suna fara gina bangon ƙarshen ɗaki ya fi sauran tsawo. A jikinsa magini zai zana siffar bakan da laka, da hannu kawai. Siffar ba rabin da'ira ba ce. Ɗauki sarƙa ka riƙe bakinta biyu ka bar ta ta yi lilo, ka dubi lanƙwasar da ta yi, ka kifa ta sama: ita ke nan. Hikimar ita ce laka tana jure danni amma ba ta jure ja, kuma a wannan siffa kowane tubali danna na ƙasansa yake yi, ba inda ake jan wani.

Tubalin rufin daban yake da na bango. Siriri ne, kamar santimita 25 a tsawo, 15 a faɗi, 5 a kauri, an cika masa dakakken karan alkama don ya yi sauƙi, kuma tun yana ɗanye ake ja masa layi biyu da yatsa a fuska don laka ta samu wurin kamawa. Ba a kwantar da shi. Jingina shi ake yi da bangon ƙarshe, a karkace, kamar yadda ɗalibi ke jingina littattafai a kan kanta. Layin farko tubali ɗaya ne a kowane gefe, na biyu ya ɗan fi shi tsawo, a haka a haka har layukan su haɗu a sama. Daga nan kowane sabon baka yana kwance ne a jikin wanda ya gabace shi, shi ya sa ba a bukatar katako a ƙasa ya riƙe shi kafin ya bushe. Inda tubali biyu suka buɗe baki ta waje, sai a cusa tsakuwa ko fasasshen kasko. Magina biyu, kowa a gefensa, kayan aikinsu hannu da ƴar gizago.

Abin dariya, wannan fasaha da aka je nema har Aswan tana tsaye a ƙofar Gurna. A bayan haikalin Ramsis na biyu, tafiyar ƙafa daga ƙauyen, akwai rumbunan hatsi na tubalin laka da aka rufe da wannan dabara fiye da shekara 3,000 da suka wuce, kuma har yau wasu ba su faɗi ba. Kalmar ma ta daɗe. «Tub» da Larabawa ke kiran tubali daga tsohon harshen Masar ta fito, ta bi ta harshen Kibɗawa, daga Larabci kuma ta haye Andalus ta zama «adobe» a bakin Sifaniyawa. Bahaushe in ya ji ta, kunnensa zai motsa.

An fara aikin Sabuwar Gurna a 1945. Lissafin Fathi mai sauƙi ne, kuma har yau ban ga inda ya karye a kan takarda ba. In ƙasa kyauta ce, to kuɗin gida kusan duk ladan aiki ne. In masu aikin ƴan garin ne, kuɗin gwamnati a aljihunsu zai ƙare maimakon aljihun ɗan kwangila daga Alƙahira. In kuma sun iya ginin da hannunsu, gobe in ɗa ya yi aure za su ƙara ɗaki, in bango ya tsage za su gyara, ba sai sun jira kowa ba. Burinsa daga ƙarshe gini ya koma kamar gayya: yau a taru a gina na wane, gobe na wane.

Sai dai ta yaya manomi ko mai haƙa zai zama magini kafin a gama aikin? A Masar babban magini «mu'allim» ake ce masa, kalmar da ta ba mu «malam». Yaro yana shiga hannunsa ne yana kwaɓa laka, yana miƙa tubali, shekara da shekaru, yana satar sana'a da ido, don ba kowane mu'allim ke son ya haifi kishiya ba. Haka yake a wurinmu inda ake da Sarkin Magina kuma sana'ar ta gado ce. Fathi ba shi da waɗannan shekaru. Sai ya mai da wurin aikin makaranta. Maginan Aswan su ne malamai, samarin Gurna su ne almajirai, kuma ba a aji ake koyo ba, a jikin ginin da za a shiga ake yi. Tsarin da ya fitar hawa-hawa ne: ka fara da miƙa kaya, ka koyi jera bango ya miƙe, ka koyi baka ta ƙofa, sannan rufin baka, sannan ƙubba, wadda ita ce ƙarshe. Kowane hawa da ladansa, in ka haye a ƙara maka. Samari da dama sun fito magina ta wannan hanya.

Ku kwatanta da wata ukun yayana. Shi bangon gwaji suka riƙa ginawa a filin makaranta, da yamma a rushe, gobe a sake. Bai taɓa gina abin da mutum zai kwana a ciki ba kafin a ba shi takarda.

Fathi bai tsaya a gini ba. Ya san in aka raba mutane da dutse an raba su da tuwonsu, don haka ya gina masauki na musamman inda masu sana'a daga wasu garuruwa za su zauna su koya wa yaran gari saƙa da tukwane da sauransu, da makarantar sana'a, da wurin baje kolin abin da aka ƙera. Ya gina masallaci, da kasuwa, da makarantar yara, har da gidan wasan kwaikwayo. Ramin da za a bari bayan an ɗebi ƙasar tubali, wanda mu muke kira kududdufi, ya so a mai da shi tafki mai tsabta don kada ya zama gidan tsargiya. Gidajen ma ba iri ɗaya ya zana ba, ya so kowane iyali a yi masa daidai da shi, dangi kusa da dangi. Kai, in ka ga zanen sai ka ce ina ma a tashe ni.

A 1948 aikin ya tsaya. Wajen kashi ɗaya cikin biyar aka gina. Mutanen Gurna, in ban da ƙalilan, ba su sauko ba.

Shi Fathi ya ba da nasa bayanin a littafin da ya fitar a Alƙahira a 1969, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Construire avec le peuple. Ya ɗora laifi a kan ma'aikatan ofis, kuma yana da gaskiya a wani ɓangare. Dokar sayen kaya ta gwamnati an yi ta ne don siminti da ƙarfe da ɗan kwangila, ba ta san yadda ake sayen karan alkama a ƙauye ba, sai a yi watanni ana jiran takarda, ba kara ba tubali, ba tubali ba gini. Albashin ma'aikata yana makara. Annobar kwalara ta 1947 ta zo ta tsayar da zirga-zirga. Sannan filin da aka zaɓa ƙasa-ƙasa yake, ganuwar ƙasa ce ke tare masa ruwan Nilu lokacin ambaliya, kuma wata rana aka wayi gari an huda ta, ruwa ya cika wurin. Fathi ya yi imani mutanen Gurna ne suka yi. Dalilinsu a wurinsa ɗaya ne: ba su son barin satar kabari.

To a nan nake rabuwa da shi. Ka tsaya a matsayin dattijon Gurna ka yi lissafi. A kan dutse ba ka biyan haya, ambaliya ba ta kai ka, sauro ya fi yawa a ƙasa, kuma ƴan shekaru kaɗan kafin nan zazzaɓin cizon sauro ya kashe dubban mutane a kudancin Masar. Baƙon da zai sayi ɗan gunkinka a ƙofar gidanka yake wucewa. An ce ka sauka tsakiyar gonaki, amma gonakin ba naka ba ne, na manyan masu ƙasa ne masu noman rake, kuma ba a ce za a ba ka ko taki ɗaya ba. Abin da ke jiranka a can shi ne ƙwadago a gonar wani. An ce ɗanka zai zama magini. Madalla. In an gama gina garin fa, wa zai gina wa? Maƙwabtansa talakawa ne irinsa. An ce ɗayan zai zama masaƙi. Wa zai saya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba wanda ya tambayi mai ɗakin kafin a sa hannu a dokar. An tambaye shi ɗaki nawa yake so, bayan an riga an yanke cewa zai tashi.

Akwai kuma abin da ya shafi ma'ana, wanda shi ne fannina. A wannan yanki ƙubba a kan kabarin waliyyi ake ganinta. Mu ma kalmar ta zo mana da wannan warin, in ka ce ƙubba ko hubbare ba ɗakin amarya ke zuwa maka a rai ba. Fathi yana kallon ƙubba yana ganin sanyi da araha da kyau. Wasu daga cikin waɗanda za su kwana a ƙarƙashinta suna ganin kushewa. Mutanen da suka yi zamani suna kwana a bakin kaburburan fir'aunoni ba tare da damuwa ba, su ne suka ƙi ɗaki mai kama da kabarin Musulmi, kuma in ka yi tunani ba saɓani a ciki. A ƙarshen shekarun 1950 marubuci Fathi Ganim ya rubuta ƙagaggen labari mai suna Al-Jabal, wato Dutse, a kan wannan rikici, daga baya aka yi fim ɗinsa. Ka ga ke nan tun a lokacin akwai Misirawan da suka ga labarin yana da ɓangare na biyu.

Ina maginan suka tafi? Sana'ar ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Fathi ya bar Masar a 1957 ya yi wasu shekaru yana aiki a Atina, ya dawo, ya fara wani sabon gari a Baris cikin hamada, yaƙin 1967 ya tsayar da shi. Sunansa ya yi ta girma a waje, a 1980 ya karɓi manyan lambobin yabo na duniya. Amma yawancin gidajen da ya gama a ƙarshen rayuwarsa na masu kuɗi ne, waɗanda suka ga rufin baka ado ne. Maginan da suka ƙware a wannan fasaha can suka samu kasuwa. Talaka kuwa, da ya samu ɗan kuɗin ci-rani daga ƙasashen Larabawa masu man fetur, bulo da ƙarfe ya saya, don yana son ya ɗora bene ƴaƴansa su zauna a sama, abin da rufin baka ba ya bari cikin sauƙi. Babbar madatsar ruwa ta Aswan, da aka gama a 1970, ta hana Nilu kawo sabuwar laka kowace shekara, har a shekarun 1980 gwamnati ta hana kwasar ƙasar gona don yin bulo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya riƙa cin tushen gidajen Sabuwar Gurna, waɗanda wasu mutane suka shiga daga baya. Da yawa an rushe su an yi na siminti. Masallacin na nan. Fathi ya rasu a 1989.

Mutanen dutse kuwa sun ƙara kusan shekara sittin a inda suke. A ƙarshen 2006 aka kawo motocin rusau, cikin ƴan shekaru aka share yawancin tsohuwar Gurna, aka kai su wata sabuwar unguwa a bakin hamada, gidaje iri ɗaya a jere, ginin ƴan kwangila.

Yanzu ga inda labarin ya iso gida, kuma ni kaina na yi mamaki. A farkon shekarun 1970 wasu samari ɗaliban zanen gini daga Landan, cikinsu akwai John Norton da Allan Cain da Farokh Afshar, sun yi aiki tare da Fathi, suka kafa ƙungiya mai suna Development Workshop. A 1980 aka kawo wannan dabara ta Nubiyawa Cikal, cikin ƙasar Filinge. Daga nan ta bazu zuwa Iferwan da wasu wurare a Nijar, ta shiga Mali da Burkina Faso, da sunan gini ba itace. Wataƙila kun taɓa wuce wani ɗan ofis ko ɗakin shan magani mai ƙubba a wani ƙauye ba ku san jikan Gurna ba ne.

Me ya sa a nan ta kama ƙasa fiye da can? A ganina, na farko ba wanda ake kora. Na biyu bukatar ta mutane ce tun kafin baƙi su zo: bayan farin shekarun 1970 giginya da goriba sun yi ƙaranci, azara ta yi tsada, mai son rufa ɗaki ya rasa abin rufi. Na uku da yawa daga cikin waɗanda aka koya wa dama magina ne, suna da masu kiransu aiki, sabuwar dabara ce aka ƙara musu a kan tsohuwa. Ba kuma ƙasar da ba ta san laka ba aka zo. Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, wanda aka fara a 1962 ya kuma samu lambar Aga Khan a 1986, a gida ya koyi sana'arsa. Ban ce abin ya tafi sumul ba. Luksor kusan ba a ruwan sama, mu kuwa muna da damina, in ba a yi yaɓe mai kyau ba aka sa indararo daidai, aka kuma duba kafin ruwan farko, ƙubba za ta ba ka kunya. Har yanzu akwai wanda ba ya iya barci ƙarƙashin rufin da bai ga itace a ciki ba, kuma mai kuɗi kwano yake so, ko da zai gasa shi a watan Afrilu.

Hausa tana da wata kalmar ban da horo. «Koyo» mai koyon ne ke yin sa: na koyi gini, ya koyi saƙa. Horo kuwa yi maka ake yi, ko a ba ka, kai kana tsaye. Kakanninmu sun san wani irin aikin hanya da aikin bariki na zamanin Nasara da ake kamo mutum a kai shi ba lada, wanda sai a watan Afrilu na 1946 dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke shi, daidai lokacin da ake kwaɓa lakar Gurna. Wasu a can suka fara riƙe cokalin gini. Ba wanda zai ce musu alheri aka yi musu.

Ina rubuta wannan ina tunanin Kandaji. Tun 2008 Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashin madatsar, aikin ya tsaya ya tashi ya sake tsayawa, an riga an tashi rukunin farko na ƙauyuka, kuma dubban mutane da dama, har da na garin Ayoru, suna cikin lissafin waɗanda ruwa zai ci gidajensu. Duk gidan da za a ba su, wani ne zai gina shi. Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofis su rubuta cewa za a horar da matasan yankin, su sa adadi, su sa kuɗi. In kai ne, tambayi ko ɗakin da yaron zai koyi gini a kansa shi ne uwarsa za ta shiga. Tambayi ko kwangilar ta tilasta wa kamfani ya ɗauke shi a matsayin magini ko kuwa ta bar shi da kwanon siminti. Tambayi wa zai kira shi aiki shekara biyu bayan motocin kamfani sun tafi, da kuma ko uban yaron ya samu gonar da zai samu kuɗin kiran magini.

Da na je hutu na ba yayana wannan labarin a tashar da suke tsayawa, ina zana masa bakan da yatsa a kan tankin babur. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita masa yadda ake jingina tubalin. Ya ce cokalinsa na nan a ƙarƙashin gado, bai sayar ba. Sannan ya tambaye ni nawa ake biyan mai yin ƙubbar a yini. Kafin in buɗe baki wata mata ta zo da buhun gero tana son a kai ta kasuwa, ya tada babur.